Kafin ka ɗaura kaya zuwa Manchesta

Ranar Juma'ar da ta wuce wani ƙanena ya shigo gidana bakinsa har kunne, fasfo a hannu. Biza ta fito. Zai je Manchesta, a arewa maso yammacin Ingila, bikin yaye ɗiyarsa daga jami'a. Bayan mun gaisa na sa masa albarka, tambayar farko da ta fito daga bakinsa ita ce, "Yaya, ina zan sami tikitin shiga Old Trafford?" Na ce masa ya zauna tukuna. Na tambaye shi rigar sanyi, ya ce yana da suwaita. Na tambaye shi yadda zai bar filin jirgi zuwa masauki, ya ce ai ba za a rasa tasi ba. Tsarabar da zai kai wa yarinya kuwa, har ya sa an ɗaure masa kilishi na dubu talatin.

Halinmu ke nan. Mutum zai yi wata uku yana faɗi-tashin takardun biza, amma ba zai ba ranarsa ta farko a garin ko awa ɗaya na tunani ba. Mun saba da tafiyar da in ka sauka a tasha wani zai karɓi jakarka, wani ya nuna maka hanya, wani ya ce zo ka sha ruwa. A can ba rashin kirki gare su ba, kowa agogonsa yake kallo. Abin da za ka tambayi mutum a nan, a can an rubuta shi a allo an tafi.

Bari in fara da kilishin. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan nono, ko da busasshe ne. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk a filin jirgi za su tsaya, kuma in ka ɓoye aka gano, kana iya haɗawa da tara. Kuɗi ma haka: in tsabar da ke jikinka ta kai fam 10,000, dole ka bayyana wa jami'an kwastan. Bizar ziyara kuma ta ziyara ce, yawanci wata shida, ba ta ba ka damar kama aiki ba ko na kwana ɗaya.

Yadda za ka isa garin ya danganta da inda ka sauka. Wanda ya biyo ta Doha ko Addis Ababa ko Istanbul zai iya sauka a filin jirgin Manchesta kai tsaye, kuma tashar jirgin ƙasa tana cikin filin. Cikin minti ashirin ko ƙasa da haka kana Piccadilly, babbar tashar garin, da kuɗin da bai kai rabin na tasi ba. Wanda ya sauka a Landan zai nemi tashar Euston, inda jirgi ke kai mutum cikin awa biyu da 'yan mintuna. A nan ne baƙo yake fara ƙonewa. Tikitin da aka saya ta intanet makonni kafin tafiya da wanda aka saya a tasha da safiyar ranar aiki, kujera ɗaya ce, amma bambancin kuɗinsu ya isa ya ciyar da kai kwanaki. Mai ƙaramin ƙarfi ya hau doguwar bas daga tashar Victoria ta Landan, zai yi awa biyar ko fiye a zaune, aljihunsa dai zai huta.

Cikin gari akwai wani ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa mai bin titi, sunansa Metrolink. Ba kwandasta, ba ƙofar da za ta tare ka a tasha. Na'ura ce a tsaye a bakin dandamali, ka ɗora katin bankinka a kanta kafin ka hau, ka sake ɗorawa bayan ka sauka. Na taɓa zama kusa da wani baƙo, dattijo mai kamala, ya hau yana riƙe da takardar fam goma a hannu yana jiran mai karɓar kuɗi, kamar yadda duk ɗan Adam mai hankali zai yi a garinmu. Waɗanda suka zo masa masu duba tikiti ne. Ya yi bayani, ya nuna kuɗin, ya rantse. Suka saurare shi cikin ladabi har ya gama, sannan suka rubuta masa tarar da ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa. Bai yi niyyar cuta ba, allon da ke tashar ne bai karanta ba. Saboda haka kafin ka bar gida, je bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje, ka kuma san iyakar abin da zai iya cirewa. Shaguna da gidajen shayi da yawa a garin ba sa karɓar tsaba ko kaɗan. Akwai kuma bas ta kyauta da ke zagaya tsakiyar gari daga Piccadilly, wadda baƙi da yawa ke gamawa su tafi ba su san da ita ba.

Wajen tsallaka titi, ka tuna su a hagu suke tuƙi, yadda muke yi kafin 1972. Dama za ka fara dubawa. Wuyanka zai yi maka gardama kwana biyun farko.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da masu zuwa daga wajenmu, wato salla da lokaci. Mu da muka tashi inda magariba ba ta wuce tsakanin shida da bakwai duk shekara, Manchesta tana rikita mu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna cikin awa huɗu, in ka shiga kanti ka shagala sai ka fito ka tarar biyu sun wuce ka. A watan Yuni kuma sai wajen tara da rabi na dare ake shan ruwa, asuba ta riske ka ba ka gama juyi ba. Ba za ka ji kiran salla daga titi ba, don haka ka sauke jadawalin wani masallacin garin a wayarka tun daga gida. Masallatai ba su yi ƙaranci ba. Akwai babba a unguwar Victoria Park, akwai na Didsbury, akwai da dama a Cheetham Hill da Longsight. Ka kuma sani suna sauya agogo sau biyu a shekara: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watannin muna gabansu da awa guda. Buta kuwa, babu ita a bayan gidan otal ko na tasha. Ƙaramar gorar roba a cikin jaka ta raba ka da wannan damuwa, kuma ba wanda zai tambaye ka.

Abinci ba matsala ba ne in ka san inda za ka nufa. Titin Wilmslow a unguwar Rusholme cike yake da gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Larabawa da Kurdawa, ga gasasshen nama da shinkafa har tsakar dare. Wanda kewar gida ta kama, ya je titin Moston, inda 'yan Najeriya ke da shaguna, zai sami doya da manja da garin rogo. A manyan kantuna ka riƙa duba bayan kwali, domin alewa da kek ma ana sa musu sinadarin alade ko giya. Ruwan famfo ana sha, kada ka ɓata kuɗi a na gora. Ran Lahadi manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su, yawanci kafin biyar na yamma sun rufe. In kuma wani ɗan garin ya gayyace ka shayi da yamma, kada ka ci ka ƙoshi kafin ka je. A bakin mutanen arewacin Ingila, abincin dare ke nan.

Suwaitar ƙanena ba za ta yi ba. Ruwan Manchesta ba irin namu ba ne da zai haɗo hadari ya zuba ya ɗauke. Yayyafi ne marar sallama, da iska mai karya lema. Riga mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi rufaffe, sun fi babbar riga amfani a titi. Ka ajiye babbar rigar don ranar biki. Ka kuma yanki inshorar lafiya kafin ka tashi. Sashen gaggawa na asibiti zai duba ka ba tare da ka biya ba, amma da zarar an ba ka gado, baƙo yana biyan kuɗin aikin har da ƙarin rabi a kai. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya kuma 111.

To, Old Trafford. Filin yana ɗaukar mutum sama da 74,000, amma tikitin babban wasa sai wanda ya yi rajista da kulob yake samu cikin sauƙi, kuma tun da wuri ake gamawa. Wanda ya tare ka a bakin hanya ko a Facebook ya ce yana da tikiti, ka yi masa sallama. Sayar da tikitin ƙwallo ta bayan fage laifi ne a Ingila, kuma in na jabu ne, a ƙofa za a mayar da kai. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yi rajistar zagayen filin a ranar da ba wasa, a kai ka ɗakin sauya kaya da bakin ciyawa. Magoya bayan City su ma haka za su yi a Etihad.

Ina jin takaici in mutum ya kashe miliyoyi ya je garin nan, ya dawo da hoton filin ƙwallo kaɗai. Manchesta da auduga ta yi arziki, kuma neman audugar ya kawo ta har ƙofar gidanmu. A can aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, BCGA, wadda ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. Da aka ja layin dogo zuwa Kano, audugar suke hange, manomanmu suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi suka juya mata. Je gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke titin Liverpool, inda tashar jirgin fasinja ta 1830 take tsaye har yau, ka ga irin injinan saƙar da suka yi gogayya da masaƙanmu. Leƙa ɗakin karatu na John Rylands a Deansgate, wanda aka buɗe a 1900 da dukiyar wani attajirin auduga, kuma yana ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da kwafe-kwafen Alƙur'ani. Shiga kyauta ne. A unguwar jami'o'i kuma akwai tsohon zauren Chorlton, inda a Oktoban 1945 Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da sauran 'yan gwagwarmaya suka yi taron haɗin kan Afirka karo na biyar suka nemi a ba ƙasashenmu 'yanci. Allo ne kawai a jikin bango, minti biyar ya ishe ka, kuma yana kan hanyar da ƙanena zai bi zuwa bikin ɗiyarsa.

Shi dai na rubuta masa waɗannan a takarda na sa masa a cikin fasfo. Kilishin kuma na ce ya bar shi a nan gidana, yara sun riga sun fara.