Nick Gulas: yabon da bai biya kuɗin mai ba

Wani marubuci ya fito kwanan nan yana wanke Nick Gulas, tsohon mai shirya wasannin kokawa na birnin Nashville a Amurka, yana cewa hassada ce kawai ta ɓata masa suna. Hujjarsa ita ce tun shekarun 1940 Gulas da abokin kasuwancinsa Roy Welch suka riƙe kokawar Tennessee da Alabama. Wannan gaskiya ne, kuma babu wanda ya musa.

Amma marubucin ya tsallake 'yan kokawar da kansu. Su ne ke kwana a mota daga gari zuwa gari, suna sayen mai daga aljihunsu, a ƙarshe a miƙa musu ladan da bai taka kara ya karya ba. Rowar Gulas ta zama abin barkwanci a cikin sana'ar, kuma waɗanda suka yi masa aiki ne suka yaɗa ta.

Sai batun ɗansa George. Gulas ya dage sai ya mai da shi tauraro, alhali 'yan kallo ba su karɓe shi ba. Wannan na cikin abin da ya sa a 1977 Jerry Jarrett, wanda ke shirya masa wasanni, ya ɓalle da yankin Memphis, ɗan kokawa Jerry Lawler ya bi shi, haka ma mai sharhi Lance Russell. Cikin 'yan shekaru kasuwar Gulas ta durƙushe, ta Jarrett kuwa tana cika zaure a Memphis kowace Litinin. Ko kalma ɗaya marubucin bai ce ba kan 1977.