Zango Biyu a Kan Turke Ɗaya: Gara a Raba Musu Eriya

Masu sha'awar rediyo, wato mutanen da ke karɓar lasisi domin su riƙa magana da juna ta iska ba don neman kuɗi ba, sukan kafa wata na'ura a kan dutse ko dogon bene. Aikinta shi ne ta karɓi saƙo mai rauni daga ƙaramar rediyon hannu, ta sake watsa shi nan take da ƙarfi, har ya kai inda da ba zai kai ba. Ana iya kiranta tashar maimaita saƙo. Zango biyu ne aka fi amfani da su wajen wannan aiki: na mita 2, wanda a Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, da na santimita 70, daga megahaz 430 zuwa 440.

To, wuri mai tudu yana da wuyar samu, turken ƙarfe kuwa ba arha ba. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa kan ɗora zangunan biyu a kan turke guda, kuma wannan daidai ne. Inda ake yin kuskure shi ne a ce tun da turken ɗaya ne, bari eriyar ma ta zama ɗaya.

Dalilin da ya sa eriya guda ke iya ɗaukar zangunan biyu lissafi ne da ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya yi: 145 sau uku ya ba da 435. Eriyar da aka yanka don zangon farko tana amsawa a na biyu. Amma nan ne kuma gizo ke saƙar. Babu na'urar watsawa da ke fitar da sigina tsantsa. Takan haɗa da ɗan ɓurɓushi a ninki biyu da ninki uku. Ninki ukun zangon mita 2 yana faɗawa ne a cikin zangon santimita 70, eriyar haɗakar kuwa za ta watsa shi da kyau. Idan ya faɗo kusa da inda ɗaya tashar ke saurare, sai ta kurumce, mai kira daga nesa ya yi ta kira ba a ji.

Jemage ma yana da irin wannan matsala. Kukan da yake yi don gane hanya a duhu yana da ƙarfin gaske, amsa-kuwwar da yake jira kuwa ba ta da ƙarfi. Saboda haka wata 'yar tsoka a cikin kunnensa takan ɗame daf da zai yi kukan, ta saki bayansa. Tashar maimaita saƙo ba ta da wannan dama, domin magana da saurare take yi a lokaci guda, kuma a zangon mita 2 tazarar da ke tsakaninsu kilohaz 600 ce kacal. Abin da ke cetonta shi ne matatu, wasu gwangwanayen ƙarfe da ake saitawa su tace sigina.

Na'urar da ke raba zango biyu a kan waya guda ba ta maye gurbin waɗannan matatu. Kowace tasha sai ta mallaki nata. Sa'an nan duk ranar da aradu ta faɗa wa eriyar haɗaka, ko ruwa ya shiga wayarta, tashoshin biyu ne za su yi shiru tare, galibi a lokacin hadari da aka fi bukatarsu.

Abin da ya fi shi ne eriya biyu, kowace da wayarta, ɗaya a saman ɗaya. Eriyar da ke tsaye tana watsa ƙarfinta ne gefe-gefe, kaɗan ne ke tafiya sama ko ƙasa, don haka tazarar 'yan mitoci a tsaye ta fi irinta a kwance amfani nesa ba kusa ba. Gaskiya ne nauyi zai ƙaru, iska kuma za ta sami abin turawa, sai a ƙarfafa turken. A kuma riƙa duba notuna, domin mahaɗar ƙarfe mai tsatsa takan gauraya siginoni biyu masu ƙarfi ta haifar da na uku, wanda kan sauka daidai inda ake saurare.