Bobby Robson da tafintansa

Dattawanmu na Duwala da Yawunde ba su manta da gasar cin kofin duniya ta 1990 ba. Kamaru tana gaba da ci 2-1, sai Gary Lineker ya zuba fanareti biyu, Ingila ta wuce da 3-2. Kocin Ingila a ranar shi ne Bobby Robson, kuma labarinsa ya shafe mu, mu da muke neman abinci a ƙasar mutane.

An haife shi a 1933, ɗan mai haƙar kwal a arewacin Ingila. Ya buga wa Fulham da West Brom, ya sa rigar ƙasarsa sau 20. Da ya koma koci, Fulham ta kore shi kafin ya cika shekara. Ipswich ta ɗauke shi a 1969, ta yi haƙuri da shi shekara 13. Galibin 'yan wasansa yaran da kulob ɗin ya rena ne, da su ya ɗauki kofin FA a 1978 da na UEFA a 1981.

Yana da shekara 57 ya ɗauki jakarsa ya fita ci-rani. Holan, Fotugal, Sifaniya. Ya ci gasar lig sau biyu da PSV, sau biyu da Porto. A Lisbon ne aka haɗa shi da wani saurayi mai yi masa tafinta, don ba ya jin yaren garin. Robson ya lura yaron yana da ido a kan ƙwallo, ya riƙa jin shawararsa, ya tafi da shi Porto, ya tafi da shi Barcelona a 1996. Sunan tafintan Jose Mourinho.

To, Alhaji, wa ke fassara maka ciniki a kasuwar Akara ko Kwatano? Yaron nan da ya iya Faransanci ko Tiwi, wanda kake aika wa kwastan, shekara nawa yana shagonka? Ka taɓa nuna masa littafin lissafi, ko ka haɗa shi da mai ba ka kaya? Da yawa cikinmu tsoro muke kada ya koya ya buɗe nasa. Ai zai buɗe, ko ka so ko ka ƙi. Abin da ke hannunka shi ne ya fita da albarkarka, ko ya fita da kwastomominka.

Robson ya rasu a 2009. Har yau, in ana ba da tarihin Mourinho, sai an ambaci maigidansa.