Bindiga Kaɗai Ba Ta Tsare Gari

Duk lokacin da aka kai hari a wani ƙauye na ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi, kukan da ake yi ɗaya ne: a ƙaro sojoji. Kukan yana kan hanya, amma ni a ganina bai cika ba. Soja yana buƙatar abu biyu kafin bindigarsa ta yi amfani, wato ya ji labari da wuri, ya kuma sami hanyar da zai bi ya iso. In babu waya babu hanya, ko bataliya guda aka jibge a cikin gari, sai dai ta zo jana'iza.

Mu tuna da abin da ya faru a shekarar 2021. A ƙarshen watan Agusta, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba sai aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, bayan an yi haka a Zamfara. Ba a fara maido da su ba sai a watan Disamba.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Da waya ɓarayin daji suke neman kuɗin fansa, da ita kuma masu kai musu rahoto daga cikin gari suke gaya musu wanda ya sayar da sa da inda motar soja ta nufa. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ba wanda zai ce gwamnati ta naɗe hannu.

To, amma wa ya fi shan wuyar wannan magani? Ɓarawo yana da babur, yana iya tafiya har inda akwai layi ya buga wayarsa ya komo daji. Manomin da ya hango babura sun doso ƙauye da magariba, shi ba shi da yadda zai sanar da kowa. Mai naƙuda ba ta da halin kiran mota. Masu sana'ar cire kuɗi sun rufe shago, wasu kuma sai sun biya kuɗin mota zuwa birnin Katsina kafin su gaisa da 'ya'yansu da ke kudu. An toshe kunnen ɓarawo ɗaya, aka toshe bakin talakawa dubu.

Haka batun hanya yake. Kwaltar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi da Dutsin-Ma ta nufi Ƙanƙara ita ce jijiyar wannan yanki. Ita ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suke bi, ita kuma masu noman rani da masunta na dam ɗin Zoɓe suke fitar da kayansu. Amma da an sauka daga kwalta an nufi yamma wajen dajin Rugu, sai burtali da rafi. Da damina babur yana haye inda motar soja take kafewa. Saboda haka kwalbati ɗaya da aka gina a kan rafi, aikin tsaro ne, ba na ado ba.

Muna murna da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023. Sai dai jirgin ƙasa ba zai shiga ƙauye ba, kuma ɗan sa-kai ma sai ya ji kira kafin ya tashi.

Roƙona ga hukuma uku ne. Na ɗaya, kada a sake katse waya gaba ɗaya. A bi layin mai laifi, a bar na mai gaskiya. Na biyu, a ware kuɗin hanyoyin karkara da gadoji a matsayin kuɗin tsaro. Na uku, a ba kowace gunduma lambar kira wadda za a ɗauka dare da rana, a kuma rufa asirin wanda ya kira.

Mu ma da namu nauyin. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya sayar da labarin maƙwabcinsa saboda 'yan kuɗi, hannunsa yana cikin jinin. Wanda ya tura jita-jita a waya ba tare da ya tabbatar ba, ya kori mutane daga gonakinsu a banza. Dattawan ikilisiya su zauna da masu unguwanni da limamai a san wanda zai buga waya in abu ya taso, domin harsashi ba ya tambayar inda mutum yake sujada. Sojan da ke tsaye a shinge kuwa ɗan wani ne, ya bar iyalinsa dominmu. Mu girmama shi, shi kuma ya riƙe amanar kakinsa, kada ya mai da shinge wurin karɓar na goro.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba shugabanninmu kunnen ji.