Mushe, kada ka kai wutar Jahannama gaban allo

A 1972 mujallar kimiyya ta Amurka, Applied Optics, ta buga wani lissafin barkwanci. An ɗauko aya daga littafin Ishaya kan ninkuwar hasken rana, aka lissafa zafin Aljanna ya kai digiri 525. Wuta kuwa, aka ce tafkin farar wuta ce, ita kuma farar wuta tana tafasa wajen digiri 445. Wai ke nan Aljanna ta fi Wuta zafi. Raha ce, ba wanda ya ɗauke ta hujja.

Ƴan lise namu na Filinge suna da waya, irin wannan zai riske su. Namu sigar ma ta fi kusa: hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wutar duniya kashi ɗaya ce cikin saba'in na wutar Jahannama. Yaron da ya fara karatun zafi, ga bazarar Kurfai ta haura digiri 40 cikin aji, hannunsa zai yi ƙaiƙayin ninkawa.

Ra'ayina: mushe kada ya kawo wannan raha da kansa. Mun ga abin da ya faru a Zinder da Yamai cikin Janairun 2015, da Sakkwato cikin Mayun 2022. Magana zarar bunu ce, kuma a yankin Tilaberi da rashin tsaro ya rufe makarantu da dama, ba mu da ajin da za mu yi asararsa.

Amma idan yaro ne ya tambaya, iyaye, kada a ce ya yi saɓo. A ba shi alli. A ce wutar itace digiri 600 ce; sau 70, ya samu 42,000. To ya maida 600 ɗin ma'aunin Kelbin, wato 873, ya sake ninkawa: 61,110. Ko ya cire 273, amsoshin ba su haɗu ba. Me ya sa? Sifirin Salsiyos wurin daskarewar ruwa ne kawai, ba ƙarshen sanyi ba, don haka ninka shi ba shi da ma'ana. Ga darasi ya zauna, wanda zai amfane shi ranar bak.

Daga nan mushe ya tsaya. Dokokin zafi an gina su kan abin da ake aunawa, gaibu kuwa ba a sa masa ma'auni. Sauran tambayar, yaro ya kai ta wurin malamin zaure bayan Magariba.