Ku Daina Ce Mana "Baɗi War Haka"

Daga 20 ga Disamba tashoshin mota a Kaduna da Abuja da Jos ba masaka tsinke. Kowa ya ɗaure buhun shinkafa da galan na mai, ana neman motar Kafanchan, ko Zonkwa, ko Pankshin, ko Biliri, ko Zuru. Yara na ta tsalle da sabon aski, iyaye na cinikin kuɗin kaya, hazon hunturu ya rufe gari. Amma in kun duba kujerar baya za ku ga wasu mutum biyu, miji da mata, sun yi tsit kamar waɗanda aka aika wa sammaci. Mu ke nan. Wasunmu shekara biyar da aure, wasu tara, wasu sha huɗu, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba.

Mun san abin da ke jiranmu, don mun haddace shi. Kafin a dubi fuskar matar gida an riga an dubi cikinta. Gwaggo za ta riƙe hannunta ta ce, "Amarya, har yanzu shiru?" Amarya fa, bayan shekara tara. Matan ƙannenmu da suka shigo gidan jiya duk sun sami suna, wannan Maman Ladi, waccan Maman Bitrus, ita kuwa tana nan a amaryarta kamar wadda aka hana takardar kammala makaranta. Da daddare Baba zai kira ɗansa gefe, ya yi gyaran murya, ya fara da "Ba wai ina matsa maka ba ne."

Kada wani ya ɗauka muna ƙin al'adun bikin. Mu muka fi kowa son su. Muna son ƙamshin cincin a daren 24, da yara masu wasan kwaikwayon makiyaya da tsohon bargo, da kwanukan shinkafa da ake kai wa maƙwabta Musulmi yadda su ma suke aiko mana da nama da Babbar Sallah. Sau da yawa ma mu ne muka ɗinka wa 'ya'yan 'yan'uwa kayan Kirsimeti, mu ne muka sayi akuyar, saboda an daɗe da yanke hukunci a gidan cewa "ai ku ba ku da nauyi." Lokacin biyan kuɗi mu manya ne. Lokacin ɗaukar hoton kaka da jikoki kuwa sai a miƙo mana waya a ce mu ɗauka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda abin ya fi ciwo shi ne daren 31 ga Disamba, a sujadar shiga sabuwar shekara. Sai mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce duk matar da ke neman haihuwa ta miƙe tsaye, ko ta fito gaba, a gaban garin da ta yi aure, a gaban surukarta. Sa'an nan ya nuna ta da yatsa: "Baɗi war haka kina da goyo!" Majami'a ta ɗauka da amin. Mu ma mun ce amin, da hawaye, shekara ta fari da ta biyu da ta bakwai. Muna da tambaya ɗaya ga masu wannan shela: wa ya aiko ku? In Allah ne ya faɗa muku, me ya sa bai cika ba? In ba shi ba ne, me ya sa kuke sa masa magana a baki? Ba mu taɓa ganin wanda ya dawo baɗin ya tsaya a bagade ya ce, "Jama'a, bara na yi kuskure" ba. Kullum laifin a kanmu yake sauka: bangaskiyarmu ce ta yi rauni, ko akwai zunubin da muka ɓoye, ko wata tsohuwa a ƙauye ta ɗaure mahaifa, ko kuwa baikon da muka bayar bai kai ba. Daga nan sai azumin kwana ashirin da ɗaya, da kwalbar mai, da lambar asusun banki.

Za a ce ai Littafi Mai Tsarki cike yake da matan da suka jira suka samu. Gaskiya ne, kuma mun fi ku sanin sunayensu, don mun kwana a kansu: Saratu, Rifkatu, Rahila, matar Manowa, Hannatu, Alisabatu. Amma ku karanta labaran da kyau. Luka ya buɗe labarin Kirsimeti ne da Zakariya da Alisabatu, kuma kafin ya ambaci rashin haihuwarsu sai da ya shaida cewa dukansu biyu adalai ne a gaban Allah, ba abin zargi a kansu. Sun tsufa a haka. Ashe mutum zai iya zama mai adalci shekara da shekaru gidansa ba kukan jariri. Da Alisabatu tana cikin Zumuntar Mata ta wasu majami'unmu, da tuni an kai ta wurin mai cire aljanu.

Labarin Hannatu a farkon littafin Sama'ila na ɗaya kuwa kamar a tsakar gidanmu aka rubuta shi. A ina aka fi ƙuntata mata? A bikin shekara-shekara, lokacin da iyali duka suke tafiya Shilo yin sujada, ana rabon nama, kowace mace da rabon 'ya'yanta. A nan kishiyarta Feninna take tsokanarta har ta kasa cin abinci. Mijinta Elkana yana ƙaunarta, amma ta'aziyyarsa ita ce ya tambaye ta ko shi bai fi mata 'ya'ya goma ba. Da ta shiga yin addu'a, Eli firist ya ga leɓenta na motsi ya ɗauka ta bugu. Kishiya mai gori, miji mai kyakkyawar niyya da bai gane ba, malami mai saurin hukunci. Masu wa'azi sukan tsallake wannan da gudu don su kai ga haihuwar Sama'ila. Mu a nan muke zaune, kuma muna so ku lura da wane matsayi kuka ɗauka a cikin labarin.

Akwai kuma wata Hannatun da ba a cika wa'azi a kanta ba, annabiyar nan ta Luka sura 2, wadda mijinta ya rasu bayan shekara bakwai da aure, ta tsufa tana sujada a Haikali. Ba a ambaci ɗa ko jika nata ba. Duk da haka tana cikin waɗanda suka fara gane jaririn da Maryamu da Yusufu suka kawo, ta kuma ba da labarinsa. Ba wanda ya ce mata ta fito gaba a yi mata addu'ar buɗe mahaifa.

Yanzu bari mu sauko asibiti, inda yawancin masu ba mu shawara ba sa son zuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashe masu arziki da matalauta kusan duk ɗaya ne. Likitoci na cewa in an yi wata goma sha biyu ana tare ba ciki, a je a duba, miji da mata. A kusan rabin irin waɗannan gidaje, namiji na da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin maniyyi ba tsada, ba zafi. Amma mace za ta sha allurai da hoton mahaifa mai ciwo da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba na shekara shida, maigida bai taɓa miƙa kwalba ɗaya a ɗakin gwaji ba, wai shi a zuriyarsu ba a haka. Mu maza da ke cikin wannan "mu" ɗin mun san wannan kunyar, wasunmu sun bar matansu suna shan zagin dangi alhali takardar likita tana ɓoye a ƙasan akwati. Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa dattijon ikilisiya ne.

Kuma lokaci ba ya jira. Toshewar bututun mahaifa da ciwon sanyi ya bari, ko ƙari a mahaifa, ko rikicewar ƙwai, abubuwa ne da likita ke iya ganowa, wasu a magance su. Damar ɗaukar ciki tana raguwa sosai in mace ta haura 35. Duk shekarar da aka ɓata ana jiran "baɗi war haka" an cire ta ne daga wannan lissafi. Tun 1978 aka haifi jaririya ta farko ta hanyar haɗa ƙwai a ɗakin gwaji a Ingila, yau ana yin aikin a Abuja da Legas, amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma ba tabbas. Ikilisiyar da ke iya tara kuɗin rufin kwano da motar fasto a Lahadi ɗaya, mun taɓa jin ta ce ga gudunmawar gwaji ga ma'aurata biyu a shekara?

Ku dubi inda matsin nan ke kai mutane. A ƙarshen 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya bankaɗo masu damfarar "cikin mu'ujiza" a jihar Anambara, inda ake yi wa mata allurai cikinsu ya kumbura, a hana su zuwa hoton asibiti, daga baya a miƙa musu jaririn wata a ce su suka haifa. Kowa ya yi tir da 'yan damfarar. Ba wanda ya tambayi su wa suka kora matan nan har ƙofarsu. A gidajenmu kuma, ikilisiyar da ta ɗaura aure a kan mace ɗaya har mutuwa, 'ya'yanta ne ke raɗa wa miji a bayan ɗaki cewa akwai wata yarinya a ƙauye, ba sai an kai maganar gaban fasto ba. Mun tuna alkawarin da muka yi ran aure sarai. Akwai ciwo da lafiya a ciki, akwai samu da rashi. Ba mu ji sharaɗin haihuwa ba.

Mun san Mama ba mugunta take yi ba. Tana son ta ga jika kafin ta koma ga Allah, kuma ita ma ana yi mata gori a zumunta. Muna tausaya mata. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da take tunawa sau ɗaya a shekara mu muna tuna shi kowane wata. Masu cewa "ku ɗauki riƙo mana" su ma sun kusa gaskiya, wasunmu sun yi, suna kuma ƙaunar yaran kamar ransu. Sai dai maraya ba magani ba ne da ake rubuta wa mutum a kan kwanon shinkafa.

To, mun daina sa zuciya ne? A'a. Har gobe muna roƙo, wata rana da kalmomi, wata rana da kuka kawai, wata rana ma ba ma iya buɗe baki sai ɗayanmu ya yi a madadin ɗaya. Abin da muka daina shi ne ɗaura bangaskiyarmu a kan kalanda. Abokan Daniyel uku sun gaya wa sarkin Babila cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, kuma ko bai cece su ba, ba za su juya masa baya ba. A wannan "ko bai" ɗin muke tsaye, kuma ya fi shelar daren 31 wuyar riƙewa. Kirsimeti kanta ba ta rasa kuka ba: Matiyu ya sa makokin iyayen Baitalami a tsakiyar labarin, Katolika da Angilika suna tunawa da shi kowace 28 ga Disamba, kwana uku kacal bayan shinkafa da kaza.

Bana ma muna zuwa, ran 23 in Allah ya yarda, da buhun da galan ɗin kamar kullum. Gwaggo, matar nan tana da suna, iyayenta sun raɗa mata, ki kira ta da shi. Baba, in za ka kira ɗanka gefe, ka tambaye shi ko ya je gwajin. Rabaran, in an zo addu'ar dare, ka yi mana a zaune inda muke, ba sai mun miƙe ba, kuma kada ka sa rana. In an zo hoto kuma, a nemi wani ya riƙe wayar.