Gishirin Zaman Duniya: Kafin Hidima, Sanin Allah

Yau zancenmu ya shafi ƴan mishan, wato Kiristocin da ke barin gida su tafi wata ƙasa domin wa'azi da taimakon jama'a. Mai karatu na Bonkuku ko na Filinge zai iya cewa ina ruwansa, tunda mutanen Imanan da na Kurfai Musulmi ne, kuma ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na ƴan Nijar ba. Amsa ita ce tambayar da tarihinsu ya ɗora ta shafi duk mai aiki da sunan Allah: bisa wane tushe ake gina hidima?

Mu fara da tarihi. Ƙungiyar SIM ta kafa zango a Damagaram a 1924, sannan daga baya a Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen Katolika kuwa, Fada François Faroud ya sauka Yamai a 1931, kuma a 1961 Hippolyte Berlier ya zama bishop na farko na Yamai. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya yi shekaru yana ɗawainiya da shi. Masu fassarar sun riƙe sunan Allah yadda Bahaushe ya san shi, ba su nemo wani baƙon suna ba. A 1950 likita Burt Long ya buɗe asibitin Galmi, a 1956 aka buɗe na kutare a Danja.

Idan da yawan waɗanda suka sauya addini ne ma'auni, to, da tuni an rufe waɗannan wurare, domin shekara ɗari ta shuɗe ƙasar tana nan ta Musulmi. Amma Galmi na nan tana aiki, kuma mafi yawan masu kwanciya a gadajenta Musulmi ne, suna shiga da addininsu suna fita da shi. A Danja an ƙara sashen matan da ke fama da yoyon fitsari a 2012. Me ya riƙe likitan da ya wanke gyambon kuturu shekara da shekaru, alhali ya san mai gyambon ba zai bi shi majami'a ba? Su masu wannan aiki, amsarsu ita ce Allahn da suka sani mai jinƙai ne ga kowa, kuma hidima godiya ce gare Shi, ba ciniki ba ce.

Littafinsu ma haka ya koyar. A Linjilar Luka, sura ta 10, akwai labarin ƴan uwa biyu mata, Marta da Maryamu. Ɗaya ta duƙufa ga girki da kai da kawo domin baƙo, ɗaya ta zauna tana sauraron koyarwarsa, kuma mai sauraron ce aka yaba. Ba aikin aka raina ba; abin da aka nuna shi ne aikin da bai da tushen sani yakan ƙare da gunaguni. Wannan ba baƙon zance ba ne ga Musulmi. Malamanmu na zaure suna fara wa almajiri da tauhidi kafin farilla, suna cewa ilimi ke gaban aiki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, nan kusa da Galmi, ya daɗe yana karantarwa da wa'azi a Gobir da Zamfara kafin ya ɗauki wani nauyin shugabanci.

Sai dai kada a ɗauka tarihin ƴan mishan fari ne tas. Shekaru masu yawa SIM ta yi nawa wajen buɗe lakkol mai koyar da faransanci, tana tsoron kada ta tara masu neman abin duniya, su kuma Faransawa ba su yarda da waɗannan Turawa masu inglishi ba. Sakamakon haka, ƴaƴan Kiristocin farko na Maraɗi sun makara wajen samun ilimin zamani, har abin ya zama sanadin saɓani tsakaninsu da ƴan mishan ɗin. Barbara Cooper ta bi diddigin wannan a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi. Darasin a fili yake: wanda ya ce ya san Allah amma bai saurari bukatar mutumin da ke gabansa ba, saninsa da sauran gyara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda wani zanen ɓatanci da aka buga a Faransa, wanda Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki. Shugabanninsu sun yi kira ga gafara, kuma an samu Musulmi maƙwabta da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. A Satumba ta 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga, cikin jahar Tilaberi, sai a Oktoba ta 2020 ya kuɓuta a Mali. Mu ma nan arewacinmu, abin da ya faru a yankin Banibangu a 2021 bai bar kowa ba, Musulmi ne ma suka fi shan wuyarsa. A irin wannan hali ne ake gane wanda albashi ko suna ya kawo, da wanda wani abu daban ya riƙe.

Yau nauyin ya dawo hannun ƴan ƙasa. Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya zama babban bishop na Yamai, ya hau kujerar a 2015, kuma majami'un EERN ƴan ƙasa ke jagorancinsu tun farkon samun ƴancin kai. Saurayin da ya fito makarantar Littafi aka tura shi ƙauye ba ya da mota, ba ya da kuɗin Turai. Idan bai san Wanda ya aiko shi ba, damina ɗaya ta ishe shi ya tattara kayansa. Idan kuwa ya sani, zai iya zama da maƙwabcinsa Musulmi cikin mutunci, ya je masa suna da jana'iza, ba tare da ya mai da magani ko hatsi tarkon kama mutane ba.

Wannan ma'auni bai tsaya ga Kirista kaɗai ba. Ya hau kan malamin makarantar allo, da ma'aikacin likita na Bonkuku, da wakilin ƙungiyar agaji mai rabon gero a Dallol Boso. Kowa ya tambayi kansa: in an ɗauke yabo da lada na duniya, zan ci gaba da aikin?

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Sai sati mai zuwa.